Ƙawaye za su taru su lalata rigar amarya da gangan: in je ko kar in je?

Ummu_Hanan: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema a kan wani abu da ya tsaya mini a rai. Ina zaune a Houston, kuma akwai wata Ba'amurkiya da muke aiki asibiti ɗaya, mutuniyar kirki ce ta gaske, lokacin da na haihu ita ta riƙa karɓar mini aikin dare ba tare da na roƙa ba. An yi bikinta watan jiya, na je. Yanzu ta gayyace mu ƙawayenta gonar iyayenta ranar Asabar. Za ta sake sa rigar auren, a ba kowaccenmu roba cike da fenti mu yi ta watsa mata, daga nan ta kwanta cikin taɓo, a ƙarshe ta shiga tafkin da ke bayan gonar. Har mai hoto ta ɗauko. Suna ce wa abin trash the dress. Rigar nan na gan ta da idona, leshi ne tun daga wuya har ƙasa, kuma da bakinta ta ce mini dala 2,400 ta saya. Zuciyata ta ƙi amincewa in sa hannuna a ɓata ta, amma ina jin nauyin matar. Me kuka gani?

Baban_Khalifa: Wa alaikumus salam. Kar ki je. Almubazzaranci ne tsagwaronsa, babu wani suna da za a canza masa. Ki ce mata kina da uzuri.

Ummu_Hanan: Baban Khalifa, uzurin ƙarya ke nan, tunda ta san ranar ba ni da aiki. Ba na son in gudu daga wani laifi in faɗa wani.

Zee_Leeds: Anti Ummu Hanan, abin ya kwana biyu a can wajenku. Wanda aka fi danganta shi da shi wani mai ɗaukar hoton biki ne a Las Vegas, John Michael Cooper, wajen shekarar 2001. Ya gaji da hoton amarya tsaye gaban furanni tana murmushi, sai ya fara kai amare kango da jeji da bakin ruwa, irin yadda mujallun kwalliya ke yi. Daga baya intanet ta yaɗa shi, har ya zama sana'a a wuraren yawon buɗe ido irin su Cancun da Tulum a Meziko, inda amare ke shiga ruwan kogo da rigunansu. Abin da nake so ki bincika shi ne, ba kowace ce ke lalata rigar da gaske ba. Wasu ruwan teku kawai suke shiga, a kai wa masu wanki ta dawo fes. Wasu kuma rigar gwanjo mai arha suke saya don ranar, ta ainihin tana rataye a gida. Ki tambaye ta wace riga ce, kuma wane irin fenti ne, don akwai mai fita da ruwa.

Ummu_Hanan: Na tambaya. Ta ainihin ce. Fentin kuma na bango ne, ta ce so take kar ya fita.

Tela_Fagge: Subhanallahi. Hajiya, ni wannan magana ta taɓa ni fiye da yadda kike zato, don ɗinkin amare nake yi. Mutane suna ganin riga ne bayan an gama, ba sa ganin yadda aka yi ta. Duwatsun nan da ke ƙirji, in aikin hannu ne, ɗaya bayan ɗaya ake ɗinke su da siririyar allura, kowane dutse sai an ƙulle zarensa ta baya don kar in ɗaya ya tsinke sauran su zube. Akwai yaron shagona da ke wannan aikin, in ya ɗago kai da magariba idonsa jawur, yatsansa duk hudar allura, kuma dole ya riƙa wanke hannu a kai a kai don kar gumi ya bar tabo a farin yadi. Leshin kuma ba a yanka shi kai tsaye, bin furen ake yi da ƙaramin almakashi a fitar da shi, a jera a kan net, a haɗa yadda ba za a ga inda aka yi haɗin ba. Na san an biya wanda ya yi ta kuɗinsa. Amma wallahi da zan ga rigar da na ɗinka ana tumurmusa ta a taɓo ana dariya, ranar ba zan iya cin abinci ba.

Nana_Abuja: Ni dai zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Laifi tudu ne. Mu nawa ne a gidan nan muka yi kamu da kaya daban, sa lalle da kaya daban, dina daban, walima daban, buɗar kai daban? Ina kayan yanzu? Tawa rigar dinar tana can ƙasan akwati, ba zan iya zuwa bikin kowa da ita ba don za a ce na zo gasa da amarya, ga shi ta ma daina shiga ta. Ita wannan baiwar Allah aƙalla za ta yi nishaɗi da ƙawayenta, ta samu hoton da za ta rataye a falo. Kuɗinta ne, guminta ne. Rigar da asu ya cinye a akwati da wadda fenti ya ɓata, ku faɗa mini bambancinsu.

Abu_Fatima: Malama Nana, rabin maganarki gaskiya ce, kuma ya kamata mu ji ta. Amma kuɗina ne ba ya zama hujja a wurinmu. Aya ta 26 da ta 27 a Suratul Isra'i sun hana almubazzaranci, har aka kira masu yin sa 'yan'uwan shaiɗanu. A hadisin Mugira bn Shu'uba da Bukhari da Muslim suka ruwaito, tozarta dukiya na cikin abubuwa uku da Allah Ya ƙi mana, tare da ka-ce-na-ce da yawan tambaya. Bambancin da kika nema kuwa shi ne, wadda ke akwati har gobe za ki iya fito da ita ki ba wata, ƙofar alheri a buɗe take. Wadda aka watsa wa fenti an rufe wannan ƙofar da gangan.

Akwai kuma wani hadisi a Bukhari, cikin littafin kyauta, babin aron kaya ga amarya, da na so a ce matanmu sun san shi. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ce tana da wata riga a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, babu macen da za a yi wa kwalliya a Madina face ta aiko a ara mata ita. Riga ɗaya tana zagaya gari, daga wannan amarya zuwa waccan, kuma rigar matar Manzon Allah ce.

Ita abokiyar aikin Ummu Hanan ba musulma ba ce, ba za mu ɗora mata hukuncinmu ba. Maganar a kan hannun Ummu Hanan ce, shin zai ɗauki robar fentin ko ba zai ɗauka ba.

Nana_Abuja: Malam, na karɓi hadisin, ban taɓa jin sa ba. Amma a gaya mini gaskiya, yau wace amarya ce a Kano ko Kaduna za ta yarda a ce rigarta ta aro ce? Ƙawayenta ma su za su fara yi da ita.

Maman_Sadiq: Nana, ana yi fa, ba a dai faɗa. Masu bayar da hayar rigunan amare sun cika Instagram, ga masu sayar da wadda aka sa sau ɗaya. Ƙanwata haya ta ɗauka, babu wanda ya sani sai mu na gida.

Maryam_Montreal: Ku dakata da maganar kuɗi tukuna. Ummu Hanan, tafkin nan shi ya fi tayar mini da hankali. A watan Agustan 2012, a nan lardin Quebec na ƙasar Kanada, wata amarya 'yar shekara 30 ta rasa ranta a irin wannan ɗaukar hoton. A garin Rawdon ne, arewa da Montreal, a kogin Ouareau kusa da inda ruwa ke gangarowa daga dutse. A watan Yuni aka yi bikinta. Ta shiga ruwan da rigar, rigar ta sha ruwa ta yi nauyi, ruwa ya ja ta. Mai hoton ya yi iya ƙoƙarinsa ya fito da ita, ya kasa. Sai daga baya aka gano gawarta. Rigunan nan hawa-hawa ne, ga shafi, ga net, ga doguwar jela, in suka jiƙe sai su naɗe ƙafafu, ko gwanar iyo ce ba ta iya motsi. Ko za ki je ko ba za ki je ba, don Allah ki faɗa mata wannan. Ke ma'aikaciyar asibiti ce, za ta saurare ki.

Ummu_Hanan: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Maryam, ban san da wannan ba. Gobe in sha Allahu zan same ta da maganar.

Inna_Talatu: 'Ya'yana, jikata ce ke karanto mini ina faɗa tana rubutawa. Mu a zamaninmu zanen da aka kai ni ɗakin miji da shi saƙi ne, na yayar mahaifiyata. Bayan ni an kai mata uku da shi a gidanmu. In an gama a wanke, a turara, a naɗe a mayar cikin adudu. Ba talauci ne kaɗai ya sa ba, ana ganin albarka ce ka shiga ɗaki da zanen wadda ta zauna lafiya a nata. Ni abin da ban gane ba, ita yarinyar ba ta da ƙanne ne? Ba ta fatan haihuwar 'ya mace?

Zee_Leeds: Inna, Allah Ya ƙara lafiya. Su ma Turawan da haka suke, kuma har yanzu da yawansu na adanawa. Farar rigar ma Sarauniya Victoria ta Ingila ce ta sa ta yi tashe, da ta auri Yarima Albert a 1840. Leshin da ke jikin rigarta na garin Honiton ne, saƙar hannu, kuma ta ci gaba da sa shi a bukukuwan 'ya'yanta, da ta rasu a 1901 aka binne ta da mayafin aurenta. Ko a 2020, Gimbiya Beatrice tsohuwar rigar kakarta Sarauniya Elizabeth aka gyara mata ta yi aure da ita. Saboda haka kar mu ɗauka duk Bature haka yake yi, a cikinsu ma akwai masu jin haushin abin sosai.

Akwai dai wata tsohuwar al'ada a arewacin Scotland, inda abokai ke kama ango da amarya kafin biki su shafe su da baƙin tukunya da fulawa da ruwan rake mai danƙo, su zagaya gari da su. Amma wannan da tsofaffin kaya ake yi, babu mai taɓa rigar biki.

Sadauki_99: To ai mu ma a kamu ana fesa wa amarya turare, wasu wuraren har da madara. Kuma 'yan jami'a ranar gama jarrabawar ƙarshe suna sa farar riga abokai su cika ta da rubutu. Wannan fa?

Maman_Sadiq: Sadauki, turare ba ya kashe zane. Ita kuma farar rigar ɗalibai mai arha ce, don rubutun aka saye ta, kuma ajiye ta ake yi saboda sunayen da ke jiki. Ba su haɗu ba ko kaɗan.

Ɗan_Zango_Accra: Ina gaida kowa. Ni ta wani ɓangare nake kallon abin. Yayata a Kantamanto take kasuwanci, babbar kasuwar gwanjo ta nan Accra. Ana ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa kasuwar duk mako daga ƙasashen waje, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari bola suke tafiya don ba sa sayuwa. Dila ake saya a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yanka igiya. Na sha ganin ta buɗe dila ta tarar da kaya masu tabo ko yagaggu, kuɗinta ya tafi. Ku je bakin teku wajen Jamestown ku ga tsummokara sun nannaɗe da yashi. Ga gobarar farkon Janairun 2025 da ta cinye mafi yawan kasuwar, mutane suka koma ba su da komai. Abin da nake nufi, ɗabi'ar a sa kaya sau ɗaya a yar ba a can take tsayawa ba, a ƙofar gidanmu take ƙarewa. Amma in riga ta zo da lafiyarta, na ga yadda amaren da ba su da hali ke murna in suka same ta a farashin da za su iya.

Hauwa_Jidda: Ni zan ɗan kare masu yi, amma ta wata fuska. Da aurena ya mutu, kayan da na sa ranar ɗaurin aure ko ganinsu ba na son yi, in na buɗe akwati na hango su sai ƙirjina ya yi nauyi. Saboda haka da na ji labarin wata mata a Texas a 2018, kusa da San Antonio, da ta tara 'yan'uwa da ƙawaye bayan rabuwa da mijin da suka shekara 14 tare, ta cusa wa rigar aurenta abin fashewa ta harbe ta da bindiga, na fahimci abin da ke zuciyarta. Ni ban ƙona nawa ba, wata yarinya marainiya a unguwarmu na ba. Amma ba zan zagi wadda baƙin ciki ya kai ta ga haka ba. Wadda ban gane ba ita ce mai wata ɗaya da aure, tana cikin farin cikinta.

Abu_Fatima: Allah Ya musanya miki da mafi alheri, Malama Hauwa, Ya saka miki a kan marainiyar.

Zee_Leeds: Yaya Hauwa, masu yi sukan ce alama ce ta cewa ba za su sake buƙatar rigar aure ba har abada, wato sun shiga ke nan. Wasu kuma cewa suke wata da watanni suna takatsantsan kar ko ɗigon shayi ya taɓa rigar, ranar biki ba su ci ba su sha ba don tsoro, to yanzu suna so su sake jiki.

Hauwa_Jidda: Ta biyun na yarda da ita, duk wadda ta yi amarci ta san wannan takurar. Ta farkon kuwa, zaman aure ba a wurin riga yake ba.

Mai_Hoto_KD: Ni sana'ata ke nan, bari in faɗa muku inda nake jin tsoro. Shekarun baya wa ya san hoton kafin aure a Arewa? Yau in ba a yi ba sai a ce bikin bai cika ba. Haka shagalin da ƙawaye ke shirya wa amarya da kek da balan-balan, duk a waya aka gani aka ɗauka. Kawo yanzu babu amaryar da ta ce in ɗauke ta tana ɓata riga, amma an fara tambaya ta hoto cikin ruwa da na hayaƙi mai launi, wanda shi ma yana barin tabo a yadi. Ranar da wata mai mabiya da yawa a TikTok ta yi, an gama. Kuma mu masu hoto muna da hannu, don mu ke nuna wa kwastoma samfuri mu ce wannan ne sabon yayi. Ni dai na yi wa kaina alkawari ba zan ɗauka ba.

Baban_Khalifa: Allah Ya tsare. Da buhun shinkafa ya gagari mutane sai a zo ana wasa da leshi a kwata.

Dr_Bilkisu: Ummu Hanan, tunda a Texas kike, ga wata hanya da za ki iya nuna mata ba tare da kin yi mata wa'azi ba. A Fort Worth akwai ƙungiyar NICU Helping Hands, suna da shirin da ake karɓar rigunan amare a yanka a ɗinka ƙananan tufafi da ake sa wa jariran da suka rasu a asibiti, a ba iyayen kyauta. Riga ɗaya tana fitar da da yawa. Ku da kuke aikin asibiti kun san halin da uwa ke ciki a wannan ranar. Akwai kuma Brides Across America da ke ba amaren sojoji da ma'aikatan agajin gaggawa riguna kyauta. A Ingila ƙungiyar agaji ta Oxfam na da shagunan rigunan amare da aka bayar sadaka. Wanda ya fi burge ni wani direban tasi ne a gundumar Malappuram ta jihar Kerala a Indiya, da ya fara tara kayan amare a 2020 daga masu hali yana ba 'yan matan da iyayensu ba su da ƙarfi, kyauta. Ɗaki guda ya samu ya fara. Ki fara tuntuɓar ƙungiyoyin ki ji ko suna karɓa a yanzu, don wani lokacin kayan kan yi musu yawa su dakata.

Nana_Abuja: Dr, wannan na Kerala ya shiga raina. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya. Ummu Hanan baƙuwa ce a ƙasar mutane, matar nan ta yi mata halacci. Ba daidai ba ne ta je tana nuna mata yadda za ta yi da kayanta. In wata Baturiya ta zo bikinmu ta ce akwatunan lefe goma sha biyu ɓarna ne, ko da gaskiyarta, za mu ji daɗi?

Ummu_Hanan: Na gode muku duka, Allah Ya bar zumunci. Mun yi magana yau a wurin cin abinci. Na fara da labarin da Maryam ta bayar, ta yi shiru, ta ce za ta tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, kuma yayanta zai kasance a kusa. Sai na faɗa mata gaskiya cewa addinina da tarbiyyata ba su bar ni in ɓata abu mai amfani ba, amma ina son in zo in taya ta murna, zan kawo abinci. Ba ta ji haushi ba. Ta ce mahaifiyarta ma tun da ta ji take faɗa, don ita tata rigar tana nan a kwali tun shekarun 1980. Maganar jariran ta taɓa ta, ta ce za ta yanke jelar rigar da mayafin ta ajiye gefe kafin ranar. Sauran kuwa ta ce sai ta yi, ta riga ta biya mai hoto.

Baban_Khalifa: Hajiya, zuwan naki fa? Wanda ya zauna ana yi yana kallo ai ya halarta.

Abu_Fatima: Baban Khalifa, a sassauta. Ta faɗi gaskiya, ta janye hannunta, ta yi sanadin tsira da wani sashe, ta kuma gargaɗe ta a kan ruwa. Akwai haƙƙin zaman tare da na alherin da aka yi mata. Ni a ganina in ta kai abincin ta gaisa da mutane, lokacin watsa fentin ta koma wajen uwar amarya ta zauna, ba ta yi laifi ba. Wani malamin yana iya ganin saɓanin haka.

Tela_Fagge: Hajiya, in za ta yanke jelar, kar ta sa almakashi a tsakiyar leshin. Ta juya rigar ta bi layin ɗinkin ta farke zaren a hankali, ta bar shafin a haɗe da shi. In ta yanka kai tsaye duwatsun za su bi juna su zube, masu ɗinkin ba za su samu abin kirki ba.

Maryam_Montreal: Gwiwar ma a kula, ƙasan tafkin gona laka ce, ƙafa na nutsewa. A sa igiya a kusa.

Nana_Abuja: Ni har yanzu ban ga wanda ya amsa mini maganar lefe da kayan fitar biki kala biyar ba. Amma naji, tawa rigar dinar zan fito da ita. Maman Sadiq, ke da kike cikin ƙungiyar mata ta unguwa, akwai amaryar da kika sani mai matsakaicin jiki da za a yi bikinta bayan Sallah? Ruwan zuma ce, sai dai a rage mata tsawo.

Maman_Sadiq: Akwai har biyu. Turo mini hotonta ta akwatin saƙo in nuna wa iyayensu tukuna, don ɗaya daga cikinsu babanta ba ya son kaya masu kama jiki.